Yadda ake neman kuɗin tallafin gwamnatin Amurka in guguwa ko gobarar daji ta cinye maka gona

Wannan bayanin na 'yan uwanmu ne da suka shiga harkar noma a Amurka, ko mai kiwon awaki da raguna a bayan gari a Teksas yana jiran kasuwar layya, ko mai 'yar eka biyu uku a Jojiya ko Karolina ta Arewa yana shuka kuɓewa da yakuwa da attarugu da gauta yana kaiwa shagunan 'yan Afirka, da ma waɗanda ke da niyyar shiga. Gwamnatin can tana biyan manomi kuɗi in mahaukaciyar guguwa ko gobarar daji ta yi masa ɓarna, kuma yawancinsu kyauta ne ba bashi ba, amma fa ƙaramin manomi irin namu shi ya fi saurin rasawa, saboda duk tsarin takarda yake bi, mu kuma mun saba da ciniki hannu da hannu, a ba ka kuɗi a harabar masallaci ka sa a aljihu shi ke nan. Ranar da ruwa ya tafi da raguna arba'in, ofishin gwamnati ba zai tambaye ka yadda zuciyarka ta ji ba, zai tambaye ka ina shaidar cewa kana da raguna arba'in jiya. Wannan ne ya sa rabin abin da zan faɗa a nan aikin da ake yi ne tun gari na lafiya.

Da farko ka gane kuɗin nan iri biyu ne. Akwai shirye-shiryen da suke nan kullum a cikin dokar noma, ba sai an jira kowa ba, da bala'i ya sauka za ka iya zuwa ka nema. Akwai kuma babban kuɗin da sai majalisar dokoki ta zauna ta ware bayan bala'in ya wuce, shi ne wanda ake ji a labarai da biliyoyin daloli, kuma shi yana daɗewa sosai. Duba ka gani: guguwar Irma ta afka wa Fulorida a Satumban 2017 ta kakkaɓe lemu daga bishiyoyi, Maria ta kwantar da ayaba da kofi a Puwato Riko a wannan watan, amma sai Fabrairun 2018 aka sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 2.36, sannan sai Yulin 2018 aka buɗe karɓar fom a shirin da aka sa wa suna WHIP. Guguwar Michael ta zo a Oktoban 2018 ana dab da cire auduga a kudancin Jojiya, doka ba ta fito ba sai Yunin 2019, fom kuma sai Satumban 2019, wato kusan shekara guda cur. Helene ta zo ƙarshen Satumban 2024, doka ta fito ranar 21 ga Disamba, aka fara karɓar fom na amfanin gona a Yulin 2025. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka kwantar da hankalinka gwamnati za ta biya, gaskiya ya faɗa amma bai ƙarasa ba, kada ka ɗora shukar baɗi a kan wannan kuɗin.

Ka fara da lambar gona

Duk harkar tana hannun wani reshe na ma'aikatar noma ta Amurka, USDA, da ake kira FSA, kuma suna da ofis a kusan kowace kawunti da ake noma, wato kamar ƙaramar hukuma ke nan. Ka shiga shafin farmers.gov ka nemo ofishin da ke kula da inda gonarka take, ba inda gidanka yake ba, ka kira su ka ce kana son a ba ka lokaci za ka yi rajistar gona. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Ka tafi da katin shaida, da lambar soshiyal ɗinka, wato lambar Social Security, ko lambar harajin kamfani in da sunan kamfani kake noman, da takardar mallakar filin, in kuma haya kake to takardar hayar. A nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe, domin wani abokinsa ne ya ce masa ga fili nan bayan gidana ka yi ta nomawa, ba rubutu ba komai. Dan Allah ku rubuta, ko shafi ɗaya ne, sunanka da sunansa da girman filin da shekarun da aka ba ka da sa hannu, ba rashin yarda ba ne, ita ce takardar da za ta nuna amfanin gonar naka ne ba na mai filin ba.

Za su duba taswira su zana iyakar gonar su ba ka lamba, wannan lambar ita ce mabuɗin komai. Ƙanƙantar gona ba ta hana a ba ka. Daga nan sai fom-fom, kuma gara ka cike su duka a zama ɗaya: AD-2047 na bayanan kanka, CCC-902 na yadda kake gudanar da gonar da waye ke da kaso nawa, CCC-941 na shaidar cewa matsakaicin kuɗin shigarka bai haura dala 900,000 a shekara ba, AD-1026 na alƙawarin ba za ka lalata fadama ko ƙasa mai zaizaya ba, sai na banki don kuɗi ya riƙa faɗawa akawun ɗinka kai tsaye. Akwai wani guda da nake so ka riƙe sunansa da kyau, CCC-860. In ba ka kai shekara 10 da fara noma ba, ko samunka kaɗan ne, ko ka bar aikin sojan ƙasar cikin shekara 10 da suka wuce, wannan fom ɗin yana sa a yafe maka wasu kuɗaɗe a kuma ƙara maka kaso a wasu shirye-shiryen, kuma kusan duk namu sababbi ne a harkar don haka ya shafe mu, ka tambaya da bakinka ko da ba a miƙo maka ba.

Batun takardun zama kuma gara a faɗa a fili: waɗannan shirye-shiryen na ɗan ƙasa ne da mai girin kad. In matsayinka wani ne daban, ka tambayi ofishin ko lauya kafin ka sa hannu a komai, kuma kada ka yarda a rubuta sunan wani a matsayin mai gona alhali kai ne, ko kai a madadin wani, wannan laifi ne babba a can kuma zai iya taɓa maka zamanka gaba ɗaya.

Bayan lamba sai rahoton shuka, fom FSA-578, duk shekara. Kana gaya musu ne na shuka kaza a eka kaza ranar kaza. Ga yawancin amfanin da ake shukawa a bazara ranar ƙarshe 15 ga Yuli ce, amma kayan lambu da na sanyi suna da nasu ranakun da suka bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ka sa su rubuta maka naka. Har filin kiwo ana ba da rahotonsa. Mutane na raina wannan takardar don ba kuɗi take kawowa nan take ba, alhali in an zo rabon babban kuɗi bayan shekara guda ita ake fara buɗewa.

Sai maganar rubuta ciniki, wadda ita ce ta fi damuna. Ka sayi littafin rasit mai kwafi biyu, ko ka buɗe wani abu a wayarka, duk buhun kuɓewa da ya fita ka rubuta rana da nauyi da farashi da wanda ya saya. Duk ragon da ka sayo ka ajiye rasit ɗin kasuwar dabbobi, duk haihuwa ka rubuta, ka sa musu lamba a kunne, ka ajiye takardar likitan dabbobi da rasit ɗin abinci da na magani. Farkon kowane wata ka zaga garke da waya ka ɗauki bidiyo kana ƙirgawa, ka tura wa kanka ta imel don in wayar ta faɗa ruwa ko ta ƙone bai tafi da ita ba. Ka kuma riƙa shigar da kuɗin gonar a takardar harajinka, a sashen manoma da ake kira Schedule F. Na san wasu na ganin in an ɓoye an tsira daga haraji, to wanda bai taɓa nuna ya sayar da komai ba yaya zai yi ya nuna ya yi asara? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harkar ranar tafiyar ba ta sallama.

Inshora, ko abin da ke madadinta

Manyan amfanin gona irin su masara da auduga da gyaɗa da waken soya da lemu suna da inshorar da gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗinta, ana saye a wurin ejan na kamfanoni masu zaman kansu. Mafi ƙanƙantarta ana ce mata CAT, tana rufe rabin abin da ka saba samu a kan kashi 55 cikin 100 na farashi, kuɗin rajistarta dala 655 kowane amfani a kowace kawunti. Masu gona a yankin guguwa kuma tun 2020 akwai wani ƙari da ake ɗorawa a kan inshorar, HIP-WI, wanda in iskar guguwa mai suna ta kai ƙarfin da aka ƙayyade a kawuntinka ko wadda ke maƙwabtaka da ita ana biya ba sai an zo an duba gonarka ba.

Amma irin abin da mu muke shukawa yawanci ba shi da wannan inshorar, shi ya sa aka yi NAP, shirin kariya na gwamnati ga amfanin da ba shi da inshora, wanda a ofishin FSA ɗin ake yinsa da fom CCC-471. Matakin farko kamar CAT yake, sai asararka ta wuce rabi sannan a biya ka kashi 55 na farashin abin da ya haura rabin, kana kuma iya ƙara kuɗi ka ɗaga shi har zuwa kashi 65 na amfanin a kan cikakken farashi. Kuɗin rajista dala 325 ne kowane amfani, ba ya wuce 825 a kawunti guda, kuma ga inda CCC-860 ɗin nan ke aiki, mai shi ana yafe masa kuɗin rajistar a kuma rage masa rabin kuɗin ƙarin. Wato sabon manomi zai iya samun matakin farko ba tare da ya biya komai ba, wallahi ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar wannan ba. Abu biyu kawai: dole ka yi kafin ranar rufewa, wadda take zuwa tun kafin shuka, ba a yin NAP bayan an ji guguwa na tahowa, sannan in abin da kake shukawa baƙo ne a yankin, kamar yakuwa ko rama ko gauta, ka je da wuri ka tambaya ko yana cikin jerinsu, in babu ka nemi a duba yadda za a shigar da shi, a nan ma rasit ɗinka na ciniki ne zai taimaka wajen nuna farashi.

Na san akwai masu tambaya a kan hukuncin inshora a addini, wannan ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka yi masa bayanin yadda tsarin yake dalla-dalla, musamman bambancin NAP da gwamnati ke gudanarwa da kanta da kuma inshorar kamfani. Abin da ya kamata ka sani kafin ka yanke shawara shi ne babban kuɗin tallafin ma a ɗaure yake da ita, zan zo kan wannan.

Ranar da abin ya faru

Rai dai shi ne gaba. Gobarar Camp da ta cinye garin Paradise a Kalifoniya a Nuwamban 2018 ta kashe mutum 85, in an ce ku fita to ku fita, babu garken da ya kai ranka. Bayan an ce an iya komawa, kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da bidiyo, da yawa, daga nesa da kusa, shingen da ya faɗi, rumbun da ya tashi, gawar dabbobi da lambar kunnensu a fili, ruwan da ya kwanta a gona, kuma ka tabbata wayar na nuna rana. Zuciya za ta ce maka ka yi maza ka share ka binne ka huta da ganin abin, ka daure ka ɗauki shaidar tukuna. In ka binne ko an zo an kwashe gawar, ka ajiye rasit ɗin wanda ya kawo motar haƙa ko ya kwashe, ka kuma samu wani wanda ba ɗan gidanku ba kuma ba ma'aikacinka ba, maƙwabci ko likitan dabbobi, ya gani da idonsa, domin akwai fom ɗin da irin wannan mutumin ke cikewa a matsayin shaida.

Sai kira, kuma a nan agogo ke gudu. Mai inshora ya sanar da ejan ɗinsa cikin awa 72 da ganin ɓarnar, ya bi da rubutu cikin kwana 15. Mai NAP ya shigar da sanarwar asara, fom CCC-576, cikin kwana 15, amma in amfanin irin wanda ake tsinka da hannu ne, kuma ai kusan duk kayan miyanmu haka suke, to awa 72 ce kawai. In ofishin a rufe yake don su ma abin ya shafe su, ka tura imel ka bar saƙon murya ka ajiye shaidar ka yi, ka kuma gwada ofishin kawuntin da ke kusa. Kada ka sa garma ka kife gonar, kada ka sako dabbobi su cinye saura, sai mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya gani ya sallame ka, in ba haka ba za a iya cewa babu abin da za a auna.

Yanzu wace asara ke zuwa wace ƙofa. In dabbobi ne suka mutu, shanu ko tumaki ko awaki ko kaji, LIP ne, yana biyan kashi 75 na farashin kasuwa da gwamnati ta tsayar na wannan shekarar, bayan an cire adadin da aka saba yi asara ko ba bala'i. Har dabbar da ta ji rauni ka sayar da ita a wulaƙance cikin kwana 30 ana iya biyan ka gibin, wanda ya shafi masu shanu sosai a gobarar Smokehouse Creek ta Fabrairun 2024 a arewacin Teksas, wadda ta ci sama da eka miliyan guda, domin ban da dubban da suka mutu akwai waɗanda suka tsira da ƙonannun kofato da hantsa. Sharaɗin dai dabbar ta kasance ta kasuwanci ce. A da kwana 30 ake bayarwa a kai sanarwa, daga baya aka sassauta zuwa farkon Maris na shekara mai zuwa, ni dai shawarata ka kai a makon farko tun shaida na ɗanye. In ciyawa ce ko harawa ko abincin da ka tara ya ƙone ko ya jiƙe, ko amyar zuma, ko kifin kiwo, wannan ELAP ne. In bishiyoyin 'ya'yan itace ne suka karye ko suka tumɓuke, TAP ne ke taimakawa da kuɗin sake dasawa ko gyarawa, ana nema cikin kwana 90, shi kuɗin bishiyar yake biya ba na 'ya'yan da suka zube ba.

ECP kuma na gyaran ƙasar ne kanta, kwashe tarkace da itatuwan da suka faɗo, sake kafa shinge, daidaita inda ruwa ya yi rami, yana ɗaukar har kashi 75 na kuɗin aikin, ya kai 90 ga sabon manomi ko mai ƙaramin ƙarfi, kuma a kan shinge ana iya ba ka kashi 25 tun kafin ka fara. Tarkon da ke cikinsa shi ne in ka fara aikin kafin su zo su duba su amince za ka iya rasa kuɗin, to ka kira ka tambaya ko an sassauta wannan sharaɗin a bala'in da ake ciki, don wani lokacin ana yi, ka ce a ba ka amsar a rubuce. In kai da 'ya'yanka kuka yi aikin ku rubuta awannin da kuka yi kullum.

Akwai kuma bashin gaggawa har dala 500,000 da ake nema cikin wata 8 da ayyana kawuntin a matsayin inda bala'i ya shafa, shi bashi ne kuma da ruwa a kansa, na faɗa ne don ka san da shi ka kuma san bambancinsa da sauran. FEMA, hukumar agajin bala'i ta gwamnatin tarayya, ita kuma ta gidan kwananka ce da kayan ciki, ba ta biyan amfanin gona, fom ɗinta daban ne, ka cike shi ma in gidan ya taɓu.

Babban kuɗin majalisa da yadda ake lissafinsa

Sunansa na canjawa kusan duk zuwa, WHIP na 2017, WHIP+ na 2018 da 2019 da aka ware wa kusan dala biliyan 3, ERP na 2020 zuwa 2022, sai SDRP na asarar 2023 da 2024 mai dala biliyan 16, amma ƙashin bayan lissafin kusan ɗaya ne. Bari in yi misali da WHIP+ don shi ya fi sauƙin gani, lambobin gonar na misali ne kawai. A ce an ƙiyasta amfanin gonarka zai kai dala 100,000, guguwa ta zo ka tsira da na 30,000. In ba ka da inshora ko NAP ana ninka dubu ɗarin da kashi 70, ya zama 70,000, a cire 30,000 da ka samu, saura 40,000. Maƙwabcinka mai inshorar kashi 80 shi da kashi 95 ake ninka masa, 95,000, a cire 30,000, a cire 50,000 da inshora ta riga ta ba shi, saura 15,000, amma in ka haɗa ya tashi da 65,000 kuma kaso mafi tsoka ya shigo masa tun watannin farko lokacin da ake buƙatarsa, kai kuwa kana ta jira. Ƙari a kan haka, shi da tarihin gonarsa ake yi masa ƙiyasi, kai da ba ka da tarihi sai a ɗauki matsakaicin kawunti ko da gonarka ta fi haka albarka.

Kuma abin da lissafi ya bayar ba lallai shi zai shigo akawun ba, domin in masu nema sun fi kuɗin yawa ana rage wa kowa. Asarar 2019 rabi aka fara biya, a zagayen farko na SDRP kuma kashi 35 cikin 100 na lissafin aka fara bayarwa. Akwai kuma iyaka ta dala 125,000 ga mutum ɗaya, sai in kashi 75 na samunka daga noma yake ka kawo shaidar akanta ko lauya a fom FSA-510 sannan a ɗaga maka.

Abin da ya canja tun daga ERP, wanda ya sa nake ta nanata rajista, shi ne yanzu gwamnati kan ɗauko bayanan waɗanda inshora ko NAP ta riga ta biya, ta cike musu fom da kanta ta aika musu gida, su duba su sa hannu su mayar. Su ne 'yan zagayen farko. Wanda ba shi da ko ɗaya sai zagaye na biyu, bayan wasu watanni, kuma shi zai kawo hujjojinsa da hannunsa. In irin wannan ambulan ta zo maka daga FSA kada ka jefa ta cikin tarin takardun talla, ka buɗe ka duba eka da kason da aka rubuta daidai ne, in akwai kuskure ka koma wurin ejan ko ofis a gyara kafin ka sa hannu, kada ka gyara da biro da kanka. In kuma kana ganin ka cancanta ba a aiko maka ba, ka je ka tambaya, kada ka zauna jira har ranar rufewa ta wuce.

Ga sharaɗin da na ce zan dawo kansa: a WHIP+ da SDRP duk wanda ya karɓi kuɗin ya yi alƙawarin zai sayi inshora ko NAP na aƙalla kashi 60 a kan wannan amfanin na shekara biyu masu zuwa. In bai yi ba za a ce ya dawo da kuɗin har da ruwa, kuma suna bibiya. Lura da kyau, matakin farko na NAP ɗin nan na kashi 50 bai kai ba, sai ka ɗaga shi. Don haka ranar da kuɗin ya shigo ka ware na wannan gefe guda, ka ware na haraji ma, domin tallafin ana lissafa shi cikin kuɗin shiga kuma za a aiko maka da takardar 1099-G a farkon shekara. Takardun da ka nemi kuɗin da su kuma ka adana su aƙalla shekara 3, ana zaɓen mutane a bincika.

Kada ka biya kowa don ya cike maka fom ɗin FSA da sunan yana da hanya a ciki, bayan kowace guguwa irin waɗannan mutanen suna fitowa, ma'aikatan ofishin aikinsu ne su zauna da kai su cike, in Turancin takarda na ba ka wahala ka tafi da ɗanka ko wani amintacce. Ofishin malaman gona na jami'ar jiharku da ke kawuntin su ma suna taimakawa kyauta. Duk zuwan da ka yi FSA, ko tambaya kawai ka je yi, ka ce a ba ka rasit ɗin hidima, doka ce ta wajabta musu bayarwa, yana nuna ranar da ka zo da abin da ka nema da abin da aka ce maka. In wani ya ce maka da baki ai ba ka cancanta ba kada ka juya ka tafi, ka ce kana so ka shigar da fom ɗin duk da haka a ba ka amsa a rubuce, saboda maganar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta. In takardar ƙi ta zo, a jikinta za a rubuta hanyoyin da kake da su, kana iya neman kwamitin kawunti ya sake dubawa, ko a yi sulhu, ko ka kai gaba zuwa sashen ɗaukaka ƙara na ma'aikatar da ake kira NAD, wanda ba ya ƙarƙashin FSA, kuma kwana 30 gare ka daga ranar da takardar ta iso hannunka, don haka ka rubuta ranar a jikin ambulan ɗin ka ajiye ta tare da takardar.